Koriyar Motar Malam Bulus

Kwanakin baya wasu samari uku daga Samaru suka turo wata tsohuwar mota mai ƙofa biyu har bakin shagona a unguwar PZ. Sun ce a bayan wani gida suka gan ta, suka haɗa hannu suka saya, suna so su tashe ta kafin a koma karatu. Na tambaye su me suke ganin take bukata. Ɗaya ya ce fenti. Ɗaya ya ce batir da tayoyi. Na ukun, wanda yake ganin ya fi su wayo, ya ce ya kalli yadda ake yi a waya, ba wani abu ba ne. Na ce su ɗaga bonet. Ɓera ya yi gida a kan injin, har ya haihu.

Saboda su da irinsu na zauna rubuta wannan. Sunana Garba. Ni ba makanike ba ne, sana'ata sayar da kayan gyaran mota, sabo da na hannu, kuma da ita na gina gida na aurar da 'ya'ya. Gyaran tsoffin motocin gudu, irin gajerun nan masu kujera biyu da Turawa suka bari a garin nan, sha'awa ce da ta same ni da girmana. Ba ta ciyar da ni. Amma ta koya mini abubuwan da shekarun da na yi a bayan kantar shago ba su koya mini ba.

Aikina na farko a wannan sana'a wanki ne. Maigidana, Oga Chukwudi, Ibo ne da ya tsufa a Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan daɗi in yana faɗa. Ya ba ni rabin jarka da aka yanke, da fetur, da burushin ƙarfe, ya nuna mini tulin tsoffin kaya a bayan shago. Na daɗe ina wankin nan kafin ya yarda in miƙa wa mai saye ko da noti. Wani lokaci ina tsaka da aiki sai ya jefo mini wani ƙarfe ya ce, "Garuba, rufe ido. Na wace mota ne?" In na buɗe ido ya ƙwace. Yana so yatsuna su san bambancin zaren kusar Turai da na Japan, su san ƙarfen da ya gaji da wanda datti ne kawai ya rufe shi. A wurinsa na koyi huda kwali in jera kusoshi yadda na kwance su, don kada in zo ɗaurawa in ga saura biyu a hannuna ban san gidansu ba. Har yau kayan aikina ba su da yawa: sifanoni, ƙaramar guduma mai kai zagaye, burushin ƙarfe, da kwali. Wanda bai iya haƙurin wanki ba, kada ya sayi tsohuwar mota.

Shekarar da kaya suka daina shigowa ta kan iyaka ita ce mafi muni da na gani a kasuwa. Kantoci suka bushe. Mai saye ya zo, ka ce babu, ya tafi maƙwabci, shi ma ya ce babu, sai ku bi shi da kallo ku biyun. 'Yan kasuwa in ba ciniki faɗa suke nema, a layinmu har an yi dambe a kan benci. A cikin wannan zama ne wata mata ta shigo shagona da rana, da jakar littattafan 'yan makaranta a kafaɗa.

"Malam Garba? An ce kai ne ba ka ɓoye wa mutum gaskiya ko da za ta ɓata ciniki."

"Wanda ya gaya miki haka bai taɓa sayen kaya a wurina ba. Zauna, Malama."

Sunanta Rifkatu, tana koyarwa a wata firamare a Sabon Gari. Mahaifinta, Malam Bulus, ya yi ritaya tuntuni daga gonar gwaji ta jami'a. Ya sayar da gidansa na Samaru ga wani da zai mayar da shi ɗakunan ɗalibai, zai koma garinsu can wajen Zonkwa, kuma da kaka wanda ya saya zai karɓi makulli. An san yadda za a yi da komai na gidan, sai abu ɗaya: wata mota da ta mutu a tsakar gida. Tana so in je in duba ko akwai abin da za a cira a sayar, sauran a kira 'yan gwangwan su yanka su auna.

Gidan yana cikin wani lungu a bayan kasuwar Samaru. Motar tana ƙarƙashin rumfar kwano, an lulluɓe ta da tsoffin zannuwan gado da aka ɗinke wuri ɗaya. Da aka yaye sai ga ta koriya shar, doguwar gaba, gajeren baya, ta yi ƙasa kamar raƙumin da ya durƙusa. Fentin yana ƙyalli, ko yatsa ba ka so ka ɗora. Wani dattijo dogo, da singileti da tawul a wuya, ya fito yana ɗingisa ƙafar hagu. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne mahaucin?"

"A'a, Baba. Ni mai duba dabba ne. Mahauta suna baya."

Bai yi dariya ba, amma ya miƙo mini hannu.

A hannun wani Bature da suka yi aiki tare ya same ta, lokacin da zai koma ƙasarsu. Ya tuƙa ta shekaru, Kaduna, Jos, gida da Kirsimeti. Sai wata shekara ɗan acaɓa ya buge yaro a lungun, mutanen unguwa suka haɗu suka yi tudun siminti guda uku don rage gudu. Malam Bulus da kansa ya ba da buhun siminti. Ranar da ya zo fita, cikin motar ya daki tudun farko har sai da maƙwabta suka leƙo. Ya mayar da ita rumfa. Daga ranar ba ta sake taka titi ba. Amma kowace safiya, in ya idar da addu'a, sai ya fito ya tashe ta, ya ɗan taka totur, ya bar ta ta ɗumama, ya kashe. Duk mako kuma ya wanke ta ciki da waje. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, har wata safiya ya murza makulli ta ƙi. Wankin dai bai fasa ba.

Na zagaya ta da idon ɗan kasuwa, na gaya wa Rifkatu gaskiya: babu abin da zan cira a jikinta in sayar, don babu irinta a kan hanya da za ta nemi kayan. Nauyinta kawai ya rage. Malam Bulus ya ce ba mai sa mata wuƙa yana numfashi. Rifkatu ta ce ba za ta ɗora gawa a kan babbar mota ta kai ƙauye awaki su kwana a ciki ba. Suka yi ta yi a gabana kamar ba na nan. Daga ƙarshe ta ce, "To Baba, ga magana ɗaya. In ta tashi ta fita lungun nan da ƙafarta kafin a karɓi makulli, ni zan nemo wanda zai kai maka ita har gida. In ba ta tashi ba, ka bar ni da 'yan gwangwan."

Su biyun suka juyo suka dube ni. Shagona babu kaya, zaman benci ya ishe ni, kuma rabona da ganin injin mai kafireta biyu tun ina yaron Oga Chukwudi. Na ce zan gwada, amma ban yi alkawari ba.

Murfin baƙin mai na fara buɗewa. Abin da ke ciki ba baƙi ba ne, fari-fari ne mai kauri kamar kunun gyaɗar da ya kwana. Na kwance fulogi, duk sun toshe da baƙin hayaƙi. Na shiga ƙarƙashi na taɓa salansa, yatsana ya shige, ta ruɓe daga ciki ta bar fatar waje kawai. Birki ya kama tayoyi huɗun. Farantin kuloci ya manne da tsatsa. Da na ɗaga shimfiɗar roba ta ƙasan kujeru, na ga ƙasar tsakar gida ta cikin ramuka, ruwan wankin shekaru ya kwanta a wurin ya cinye ƙarfen. Malam Bulus yana zaune a kujerar roba yana kallona.

"Garba, me ya kashe ta?"

Na nuna masa murfin. Na ce injin in ya tashi yana yin gumi a ciki, kuma gumin ba ya ƙonewa sai an yi tafiya mai nisa injin ya yi zafi sosai. In aka tashe shi aka kashe bai je ko'ina ba, ruwan nan a ciki yake kwana, ya gauraye da mai, ya sauka cikin salansa. Gobe a ƙara masa wani.

"Wato ɗumamawar ce."

"Ita ce, Baba. Da kun zare batir kun rufe ta kun manta da ita, da ta fi haka lafiya."

Ya ce, "Kullum fa, Garba. Ko ranar da za a binne maman su Rifkatu, sai da na tashe ta kafin mu fita."

Na ce masa ba shi kaɗai ba ne. Ka ratsa Sabon Gari da sassafe, kowane gida mai mota za ka ji ana ta taka totur. Haka muka tashi muka ga ana yi, ni ma haka nake yi wa tawa. Ga motar da za ta fita aiki ba wata illa. Ga wadda ba ta zuwa ko'ina, kisa ne a hankali. Ya gyaɗa kai, ya tashi ya shiga ɗaki. Washegari da na dawo na tarar ya share rumfar, ya shimfiɗa kwalaye, ya jera mini gwangwanayen madara na zuba kusoshi.

Makanikan da na yi shawara da su duk bakinsu ɗaya: a fitar da injin a jefar, a dasa na Japan, a sa mata ƙarfe a ɗaga ta sama yadda za ta haye kowane tudu. Haka ake yi a garin nan, kuma a matsayina na ɗan kasuwa ban ga laifin shawarar ba, ta fi sauri, ta fi sauƙi. Na kai wa Malam Bulus. Ya ce, "In aka cire mata zuciya aka ƙara mata ƙafa, wa zan kai gida? Gara 'yan gwangwan." Ban sake tayar da maganar ba.

Fistin sun kafe a cikin injin. Na zuba musu man gas ta ramukan fulogi, na bar su suna sha, kullum in zo in ɗan gwada juya injin da doguwar sifana, ba da ƙarfi ba. Wannan wurin ne samari suke ɓata aiki. Sai su sa bututu a sifana su hau da nauyinsu, su ji ƙas, shi ke nan an gama. Ranar da ya motsa, motsin bai kai faɗin farce ba. Na mayar da shi baya, na sake turawa, a haka har ya zagaya. Zobban fistin sun cinye, kuma babu inda za a samu nata a shekarar da ko na tasi ba a samu. Na bi tulin tsoffin kaya na abokan sana'a ina laluba da hannu har na dace da na wani injin da faɗinsu ya zo kusa, na zauna da zarto ina rage bakinsu kaɗan-kaɗan ina gwadawa. Gaskit kuwa da hannu na yanka: ka ɗora takarda mai kauri a kan ƙarfen, ka bi gefe da ƙaramar guduma kana ɗan bugawa, kaifin ƙarfen da kansa zai yanke maka siffar. Tankin fetur muka sauke, muka zuba tsakuwa da kananzir, ni da Malam Bulus muka kama gefe-gefe muna girgizawa, abin da ya fito kamar jar ƙasa. Mai walda ya zo har gida ya yanke ruɓaɓɓen ƙasan ya sa sabon faranti, ya ƙera salansa. Ana cikin haka ruwan sama ya fara ja baya, dawa ta fara nuna a gonakin hanyar Bomo, wanda ya sayi gidan ya turo aka sauke bulo a ƙofa.

Rifkatu takan biyo in an tashi daga makaranta. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Malam Garba, gawar ta yi atishawa?"

"Tukuna, Malama. Amma jikin ya fara ɗumi."

"Baba, na ga mai gwangwan a hanya, yana gaishe ka."

"Ki ce masa ya gaida ubansa."

Kafireta biyun nan su suka kusa kayar da ni. Injin ya tashi, ranar har matan maƙwabta sun yi guɗa, amma yana rawa kamar mai zazzaɓi, in na gyara ɗaya sai ɗayar ta ɓaci. Na yi ta fama. Malam Bulus ya shiga ɗaki ya fito da guntun tiyo, ya ce in matsa. Ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗaya bakin a maƙogwaron kafireta ta farko, ya saurara, ya koma ta biyu, ya saurara. Ya ce, "Wannan ta fi jan iska. Sassauta mata. Kaɗan. Ya isa." Haka muka yi ta yi, shi kunne ni hannu, har shaƙar biyun ta zama ɗaya. Sai rawar ta tsaya, ƙarar ta kwanta. Baturen ne ya nuna masa. Ni da na yi rayuwata cikin kayan mota ban taɓa gani ba, kuma tun daga ranar da guntun tiyo nake yawo a akwatin kayan aikina.

Ga abin da nake so samari su riƙe. Tsohuwar mota ba ta gyaruwa a gama. Yau ka toshe nan, gobe can ya buɗe. Kafin ka saya, kada ka kalli fenti, ka kwanta a ƙasa ka kalli cikinta. Kada ka tambayi mai ita ko yana kula da ita, kowa zai ce yana yi. Tambaye shi yaushe rabon da ta yi tafiya mai nisa. Kuma ka tambayi kanka ko kana da inda za ka riƙa zuwa da ita, don in babu, wahala za ka saya.

Ranar fita, mun aro katakai a wurin wani kafinta muka jera a kan tudun nan uku. Ni na tuƙa, a hankali, mutanen lungu suna ta ba ni hannu, kowa ya zama ɗan sanda. Cikinta bai taɓa ko ɗaya ba. Da muka hau kwalta na tsaya a gefe, na fito na riƙe ƙofa. Malam Bulus ya sa rigarsa ta zuwa coci da hula. Ya dubi Rifkatu.

"Ta fita ko ba ta fita ba?"

"Ta fita, Baba. Na sha kaye."

Ya sunkuya ya shiga da ƙyar, don kujerar a ƙasa take. Ya riƙe sitiyari, ya gyara madubi. Ya ɗora ƙafar hagu a kan kuloci. Kulocin irin waɗannan motoci yana da tauri, ba kamar na yanzu ba. Ya taka, bai kai ƙasa ba, giya ta yi ƙara ta ƙi shiga. Ya sake, ya cije leɓe, ta shiga, amma ƙafar ta kuɓuce masa, motar ta yi tsalle ta mutu. Ya tayar ya sake gwadawa. Haka dai. Mutanen da suka biyo mu daga lungu suka fara kallon wani wuri. Ya sauke hannuwansa a kan cinya.

"Ƙafar ta ƙi, Garba."

Wannan kam ba ni da kayan gyaransa. Sai Rifkatu ta miƙo mini jakarta, ta tuɓe takalmanta masu tsini ta ajiye a bakin titi, ta gyara ɗaurin zane.

"Baba, zagaya can."

"Ke? Kin iya mai giya?"

"A-kori-kurar maigidana, baban su Dauda, wa kake tsammani yake kai ta gona in ba shi da lafiya? Zagaya, rana tana yi."

Kujera biyu ce, don haka ni aka bari a tsaye da jakar littattafai da takalman mata a hannu. Ta fizge ta da ƙarfi har tayar baya ta yi ƙara, na ji muryarsa yana cewa a hankali, ke, a hankali, suka nufi hanyar Bomo. Na samu bencin wani mai gyaran keke na zauna. Sun daɗe. Har na fara tunanin abin da na manta ban ɗaure ba. Can sai na jiyo ƙarar tun kafin in hango su. Ta zo ta tsaya, ɗankwalinta yana hannun ubanta, iska ta cire, suna ta gardama a kan ko ta yi saurin sa giya ta uku.

Da ta kashe, na taɓa bonet. Ya yi zafi sosai, irin zafin da injin nan bai ji ba tun kafin a yi tudun siminti. Rifkatu ta zare makulli ta miƙa masa. Ta ce magana tana nan yadda ta yi, za ta nemo direba mai hankali ya kai masa ita, ta riga ta yi wa wani ɗan cocinsu magana. Malam Bulus bai karɓa ba. Yana zaune yana kallon gaba ta gilashi.

"In an kai mini ita can, me zan yi mata? Rumfa zan kafa. In tashi da safe in ɗumama ta. Na san kaina, Rifkatu, ba zan iya bari ba." Ya tura hannunta baya da makullin a ciki. "Riƙe."

"Ni? Baba, ina zan sa yara? Ina zan sa cefane? Ni ce fa na kawo maka mahauci har gida."

"Shi ya sa. Ke ba kya tausayinta. Za ki tuƙa ta."

Ya buɗe ƙofa, na kama shi ya miƙe. Bai waiwayi motar ba, ya kama hanyar lungu a ƙafa yana ɗingishi, ya tsaya yana taya kafinta tattara katakai. Rifkatu ta rufe hannu a kan makullin. Sannan ta leƙo ta taga, ta karɓi takalmanta ta jefa a kujerar da ya tashi.

"Malam Garba, birkin nan yana ja hagu."

Na ce ta kawo ta shago gobe in an tashi daga makaranta.